Muhawara: Sabuwar fuskar PS5 da wasannin faɗa, wai don wa aka yi wannan tsarin?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sati uku ke nan da na sayar da PS4 ɗina, na cika kuɗi na karɓi PS5 na hannu, siririn nan mai cin faifai da ya fito ƙarshen 2023. Da gangan na ƙi yin magana sai da na zauna da shi sosai, kada zumuɗin sabon abu ya sa in faɗi abin da zan dawo ina janyewa.

Wasa uku na taɓa: God of War Ragnarök, Ghost of Tsushima, sai Sekiro da wani abokina a Hayin Dogo ya ara mini. Ta ɓangaren wasannin ba ni da ta cewa. Ka jefa gatarin Kratos, jarumin God of War, ka danna tirayangul ya juyo, daidai lokacin da ƙotar ta faɗa tafinsa sai ka ji hannun gem ɗin ya amsa a naka tafin. Na yi wannan sau ba adadi a wasan 2018 kan PS4, amma nauyin da ake ji yanzu daban ne. Lodin kuwa, kafin ka gyara zama an mayar da kai filin daga.

Abin da ya tsaya mini a rai fuskar na'urar ce, wato tsarin allo da menu ɗin da kake bi kafin ka shiga wasa. A PS4 in zan kashe, danne maɓallin PS nake yi, ƙaramin menu ya fito, in kashe, shi ke nan. A nan an juya abin. Ka danne, allon farko zai kai ka. Sai ka taɓa sau ɗaya tukuna layin nan na ƙasa da suke kira Control Center ya fito, alamar kashewa kuma tana can ƙarshen layin. Wanda aka ɗauke wa wuta, inbata tana kuka, yana neman ya kashe da sauri, shi ya san tsawon wannan layin. Sannan kowane wasa ka tsaya a kansa sai ya cika talabijin da hotonsa da kiɗansa, ka gangara ƙasa labarai ne da abin saye. Folda irin ta PS4 babu. Da na yi sabuntawa sai ga wani shafin maraba mai akwatuna, wannan na nuna batirin hannu, wancan na nuna sauran wuri, wani na nuna abokai da rangwamen kanti. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma rabin akwatunan sai da intanet suke da rai.

Tambayata: ni kaɗai nake ganin an yi wannan tsarin ne don mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, datarsa kuma ba ta ƙarewa?

Autan Gyallesu:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Amma gaskiya ban yarda da kai ba. Sati uku ya yi kaɗan. Ni tun 2022 nake da shi, yanzu in na je gidan abokina na kama PS4 ji nake kamar ina tafiya cikin taɓo. Ka tuna yadda kantin PS4 yake, ka danna ka zauna jiran ya buɗe? A PS5 kantin a jikin fuskar yake. Kuma layin ƙasan da kake kuka da shi, amfaninsa shi ne ba ka fita daga wasa. Kana tsakiyar faɗa za ka rage sauti, ka duba batir, ka amsa saƙo, ka koma. A wasan Spider-Man: Miles Morales daga katin da ke saman layin nake faɗawa kai tsaye cikin aikin da na zaɓa, ban bi ta menun wasan ba sam.

Ɗan Samaru:
Auta, saurin na yarda da shi. Amma saurin na SSD ne, wato ma'ajiyar cikin na'urar, ba na fuskar ba. Da tsarin PS4 aka ɗora a kan wannan injin, da shi ma gudu zai yi.

Mai Gidan Gem:
Ɗan Samaru ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ba ra'ayi nake bayarwa ba, sana'ata ce. Shagona yana Sabon Gari, PS4 huɗu, PS5 ɗaya. A PS4 na yi folda uku: ƙwallo, faɗa, mota. Yaro ɗan firamare zai zo ya buɗe ya shiga Mortal Kombat ba tare da ya kira ni ba. Tun 2016 aka sa folda a PS4. PS5 ya fito a Nuwamba 2020 babu ita, sai Satumba 2022 aka kawo abin da suke kira Gamelists, shi ma a cikin laburare yake, ba a allon farko ba. To wanda ya biya kuɗin minti talatin, minti nawa zai ɓata yana lalube? Shi ya sa PS5 ɗin kusa da teburina na ajiye shi, ni nake buɗe wa kowa.

Autan Gyallesu:
Oga akwai Keep in Home. Ka tsaya kan wasan ka danna Options ka zaɓe shi, ba zai ƙara barin allon farko ba. Har wasa biyar yake ɗauka.

Mai Gidan Gem:
Na san shi, ina amfani da shi. Biyar ɗin ne suka yi mini kaɗan.

Malamin Kongo:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma bari dattijo ya sa baki, don ni tun PS1 nake cikin abin nan, lokacin muna haya a Tudun Wada muna karɓa-karɓa da hannu ɗaya.

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Wannan kukan na ji shi ba sau ɗaya ba. Xbox 360 ya fito a 2005 da fuskar da ake kira Blades, shafuka masu launi da kake turawa gefe suna wani sauti mai daɗi. A Nuwamba 2008 Microsoft ta share ta gaba ɗaya ta kawo New Xbox Experience, da 'yan mutum-mutumin nan da kowa ke ƙera nasa. Mutane suka yi ta ƙorafi, alhali wannan sabuntawar ce ta ba da damar kwafe wasa daga faifai zuwa cikin na'ura, ƙarar injin ta ragu. A 2011 suka sake canzawa zuwa akwatuna, sai ga masu zagin ta 2008 suna kewarta. Don haka rabin abin da ke damun Ɗan Samaru, nan da wata uku yatsansa zai manta da shi.

Amma ɗaya rabin gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne. Ku tuna PS2. Ka kunna babu faifai, abin da za ka gani memori kad ɗinka ne mai megabait 8, da ajiyar wasanninka, kowanne da ɗan hotonsa yana juyawa. PS3 ya zo a 2006 da fuskar da ake kira XMB, layi ɗaya a kwance, layi ɗaya a tsaye: hotunanka, waƙoƙinka, bidiyonka, wasanninka. Duk abin da ke kan allon naka ne. Fuskar yau kuwa, ta Sony da ta Microsoft duka, kamar ka shiga ɗakinka ne ka tarar an kafa teburin mai kanti a tsakiya. Kayanka suna nan, ba wanda ya taɓa, amma sai ka ratsa ta gaban mai kantin kafin ka kai gare su. A Yuli 2023 Xbox ta sake gyara allon farko don hoton baya ya riƙa fitowa sosai, amma akwatunan talla suna nan daram.

Kuma Sony su kansu sun san mutane na kewar da. A Disamba 2024, da PlayStation ya cika shekara 30, sun sa adon PS1 zuwa PS4 da sautinsu na ɗan lokaci. Da suka cire aka yi ta roƙo, a Afrilu 2025 suka dawo da adon. Ni na PS2 na sa. Ado ne kawai, tsarin bai canza ba, amma ina jin daɗinsa.

Injiniya:
Malam ya gama magana ta fuskar tarihi. Ni ta wuta zan yi, don gyaran waɗannan na'urorin nake yi a PZ, nan Zariya, kuma abin da yake kawo su teburina na sani.

Fuskar PS5 an gina ta ne a kan cewa ba za ka riƙa kashewa ba, barci za ka sa shi. Yana barci yana sauke sabuntawa, yana cajin hannu, yana riƙe maka wasa a inda ka tsaya. To a Zariya barcin nan haɗari ne. Wasan da aka dakatar a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, wuta na ɗaukewa ya tafi. In ka kunna zai yi maka gargaɗi cewa ba a kashe shi daidai ba, ya tsaya gyaran ma'ajiya. Sau ɗaya sau biyu ba komai. Amma in ya dace yana cikin rubuta ajiya ko sabuntawa, nan ne ake asara.

Misalin da ya fi fito da maganar Ɗan Samaru shi ne wasan Returnal. Da ya fito a Afrilu 2021, ba ka iya ajiye wasa a tsakiyar zagaye, kuma zagaye ɗaya yana iya cin awa biyu ko fiye. Abin da aka tanada wa mai son tashi shi ne ya sa na'ura barci. Har waɗanda wutarsu ba ta motsi sai da suka koka, sai a Oktoba na shekarar aka ƙara damar dakatar da zagaye. Ku auna wannan da mutumin Kwangila.

Nan Xbox Series ya fi. Quick Resume ɗinsa a kan SSD yake rubuta wasan da ka dakatar, don haka ko an zare waya daga soket, in ka dawo yana nan. Ba ina cewa wanda kake tsakiyar bugawa aka ɗauke wuta zai tsira ba, a'a, wanda ka riga ka fita daga cikinsa nake nufi.

Shawarata: in ba ka kan sola ko inbata mai ƙarfi, kashe shi gaba ɗaya kullum. Kuma ku sani yana cikin babban wasa PS5 na jan kusan wat 200, ban da talabijin. Ƙaramin UPS, wato batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, da zai ba ka ko minti biyar ka ajiye ka kashe ya fi maka sabon faifai amfani.

Ɗan Samaru:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Ka ga abin da nake nufi ke nan, amma ban iya faɗinsa haka ba. Wani abin kuma da na gano jiya: ajiyar wasan PS5 ba ta kwafuwa a filash ɗaya bayan ɗaya kamar ta PS4. Ko ka biya PS Plus, rajistar nan ta Sony, ta hau intanet, ko ka kwafe na'urar dungurungum.

Injiniya:
Haka yake. Kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe akawun, shi ya sa kowa a nan yake kan na Amurka ko na Ingila, yana sayen katin kuɗi. A kula da wannan: in faifanka na Turai ne, akawun ɗinka na Amurka, ƙarin wasan da ka saya a kanti ba zai hau kan faifan ba. Duk mai niyyar sayen Shadow of the Erdtree, ƙarin wasan Elden Ring, ya fara duba bayan kwalin Elden Ring ɗinsa.

Autan Gyallesu:
To na sauko kaɗan, maganar wuta gaskiya ce, ni gidanmu akwai sola shi ya sa ban ji a jikina ba. Amma Yaya ka bar mu a rataye. Ina ka kai a Sekiro?

Ɗan Samaru:
Ina saman gidan sarautar Ashina, ni da Genichiro, babban abokin faɗan da ke wurin. Kwana huɗu ke nan.

Kuma bari in faɗi gaskiya, duk cikin ukun wannan ne ya fi kama ni, ko da yake wasan 2019 ne, na PS4 ma. Da na fara, irin bugun God of War na kawo: in kai sara biyu, in yi tsalle baya, in jira. Wasan nan ba ya son haka ko kaɗan. Kana ja da baya, ma'aunin tsayuwar abokin faɗanka yana komawa yadda yake, duk wahalarka ta tashi a banza. So yake ka tsaya ƙirji da ƙirji, takobinsa na zuwa ka tare daidai lokacin da zai sauka, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. In ka dace, ƙarar ma daban take, tartsatsin ya fi haske. Sai ka wayi gari ba jininsa kake kallo ba, kunnenka ne ke aiki. In alamar nan ja ta fito a kanka, cikin ƙiftawar ido za ka rarrabe: ko sokewa ce, ka taka takobin da dabarar Mikiri, ko shara ce ta ƙasa, ka yi tsalle. Na kai ga cinye rayukansa biyu, sai ya tuɓe sulke ya dawo da walƙiya. Nan nake faɗuwa.

Abin da ya sa ban fasa ba, ko sau ɗaya ban ji an cuce ni ba. Duk faɗuwar da na yi na san abin da na yi ba daidai ba.

Baban Yara:
Ɗana, wannan bayanin naka dambe ne sak. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ya san ba mai yawan kai hannu ke kisa ba. Za ka ga an daɗe ana zagaye, hannu ɗaya a miƙe yana auna tazara yana karewa, ɗaurarren yana baya yana jira. Mai gaggawa shi ke shan ƙasa. Ni ban iya wasanninku ba, ƙwallo kawai nake bugawa da yarana, amma ranar da babban ɗana ke wannan Sekiro na zauna na kalla har aka kira Magariba.

Autan Gyallesu:
Baba ka faɗi daidai wallahi. Yaya, walƙiyar nan sirrinta kada ta same ka ƙafarka na ƙasa. Yana tashi sama kai ma ka yi tsalle, ta same ka a iska, ka danna sara kafin ka sauka, sai ta koma kansa. Akwai rubutu a jikin bango a cikin gidan da ya yi bayanin haka, mutane da yawa wucewa suke yi. Sannan ka duba talabijin ɗinka ko yana kan Game Mode. In ba ya kai, hoton na makara kaɗan kafin ya fito, kuma a wasan da tarewa ke bukatar daidai lokaci, wannan 'yar makarar ita ce komai. A PS5 Sekiro na tafiya hoto 60 a daƙiƙa, ka riga ka fi mai tsohon PS4 sa'a.

Mai Gidan Gem:
Ni fa duk wannan wahalar ba ta burge ni. Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya zo kuma wasa ya yi ta kashe shi? God of War II na 2007 shi ne wasan faɗa. Kyamara daga nesa, kana ganin kowa, sarƙoƙi na share fili. Sabon kuwa kyamarar na manne da kafaɗar Kratos, ana dukanka ta baya sai dai wata kibiya ta nuna maka. Ga yawan tafiya ana hira. Ka tsaya gaban wata 'yar matsala kana tunani, kafin ka gama ɗan Kratos ya faɗa maka amsa.

Malamin Kongo:
Maganar saurin ba da amsa na yarda, ta dame ni ni ma. Amma kyamarar da dalili aka yi ta. Tun daga farkon wasan 2018 har ƙarshensa hoton bai yanke ba ko sau ɗaya, kana tare da uba da ɗa kamar kai ne na ukunsu. In kuma zallar faɗa kake so, ka nemi Valkyries ɗin nan, mayaƙa mata masu fukafukai da ke cikin wasan, sarauniyarsu Sigrun za ta ba ka abin da kake nema. Wanda kuma yake kewar tsohon salo, Devil May Cry 5 na nan. Shi ba ya tambayar ko ka ci, tambayarsa da wane salo ka ci, yana ba ka maki daga D har SSS, in ka maimaita sara iri ɗaya makin ya sauka.

Sai dai ni a wurina Ghost of Tsushima ne ya amsa tambayar da aka buɗe zancen nan da ita. Ku duba yadda allonsa yake fayau. Babu ƙaramar taswira a kusurwa. Ka shafa tsakiyar hannun gem ɗin sama, iska ta taso, ciyawa da ganye su kwanta ta inda za ka bi. Tsuntsu ruwan ɗorawa ya ja ka zuwa wani wuri, dila ta kai ka wani. Duk bayanin da kake bukata yana nan, amma ba a tsaya tsakaninka da abin da ka zo gani ba. Sucker Punch suka yi shi, kamfanin Sony ne. Ke nan a gida ɗaya akwai waɗanda suka san wannan hikimar, ita fuskar na'urar ce ba a yi wa ita ba.

Ɗan Samaru:
Malam, ni dokin ne ma ya kashe ni. Wanda ya tashi yana kallon hawan salla a Zazzau ya san yadda doki ke ɗaga ƙafa in an sake masa linzami, kuma sun kusa kamawa. Faɗan ma akwai tsari: tsayuwar dutse don masu takobi, ta ruwa don masu garkuwa, ta iska don masu mashi, ta wata don ƙattin. Na je na karanta, harin da Mongol suka kai tsibirin Tsushima a 1274 ya faru da gaske, Jin Sakai, jarumin wasan, shi ne dai ƙirƙira.

Maman Biyu:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Babansu ya kawo wa yarana PS5, ɗaya shekara 9 ɗaya 12, muna Hanwa. Duk wasannin da kuke ambata na ji sara da jini. Shekaranjiya na shigo na tarar ƙanin babansu ya sa musu wannan God of War ɗin, abin da na gani bai yi mini ba, sunan ma kansa bai kwanta mini ba. Kuma in an kira salla sai su ce wasan ba ya tsayawa. Gaskiya ne ko wayo suke mini?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Damuwarki a kan hanya take. God of War ba na yara ba ne, su kansu masu shi 18 suka rubuta a kwalin. Labarin an gina shi ne kan tatsuniyoyin Girkawa da na mutanen arewacin Turai na da, da abubuwan da suke bauta wa. Babba mai hankali ya san tatsuniya ce, ya ɗauka ko ya bari, akwai abokaina da ba sa taɓa shi saboda wannan kuma ina girmama su. Amma ɗan shekara 9 ba a bar shi da shi ba. Tsofaffin na PS2 da PS3 ma har tsiraici akwai. Ki riƙa duba kusurwar kwali: faifan Turai lamba ce, 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka harafi ne, in kin ga M na manya ne. Sekiro da Ghost duk 18 ne, Spider-Man 2 kuma 16. Ki nema musu Astro Bot ko Ratchet & Clank, duka 7 ne, kuma ba wasan raini ba ne, Astro Bot ne ya ci gwarzon wasan shekara a 2024. Akwai ma Astro's Playroom da ke zuwa kyauta a cikin na'urar.

Injiniya:
Hajiya, in ƙara a kan na Malam. A nan kam sabuwar fuskar ta yi ƙoƙari. Ki shiga saitin, wajen Family and Parental Controls. Ki buɗe wa kowane yaro akawun ɗinsa a ƙarƙashin naki ko na babansu, ki sa shekarunsa na gaskiya. Daga nan za ki iya ƙayyade awa nawa zai yi a rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, har ki sa ta fitar da shi in lokaci ya cika. Akwai lambar sirri ta hana canza saitin, tana zuwa a 0000, ki canza ta, don yara sun san wannan. Ki kuma rufe damar buɗe sabon mai amfani, in ba haka ba ta nan za su zagaye.

Maganar tsayawa: yawancin wasannin mutum ɗaya suna tsayawa, God of War da Sekiro da Ghost duk suna tsayawa da maɓalli ɗaya. Wanda ake bugawa da mutane ta intanet ne ba ya tsayawa, haka ma irin su Elden Ring.

Autan Gyallesu:
Elden Ring ma akwai dabara. Ka buɗe jakar kaya, ka danna taimako, ka zaɓi Menu Explanation, komai zai tsaya cak. Ko ka zauna a wurin hutawa, ba abin da zai taɓa ka. Anti, ba su da hujja, in an kira salla su tashi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Yau da daddare zan sa babansu mu zauna mu yi.

Mai Gidan Gem:
Injiniya wannan na rufe sabon mai amfani ban san da shi ba, kuma kullum sai na goge akawun ɗin da yara suka buɗe. Gobe zan sa.

Injiniya:
Tunda an zo nan, Ɗan Samaru ga abin da za ka taɓa a saitin don data da wuri. Ka kashe sauke sabuntawa da kansa, don Ragnarök kaɗai ya haura giga 80, kuma irin waɗannan in suka ga intanet ba sa sallama. Ka kashe bidiyon da yake ɗauka duk lokacin da ka ci kofi, yana cin wuri a ɓoye. Ka kunna Console Sharing and Offline Play, wasannin da ka saya a kanti su riƙa buɗewa ko babu intanet. Kiɗan allon farko ana kashe shi a wajen sauti. A Game Presets ka zaɓi Performance sau ɗaya, wato fifita santsin motsi a kan kyan hoto, wasannin da suka san da shi za su riƙa farawa a haka. Layin ƙasan ma in ka danna Options a kansa kana iya ɓoye alamomin da ba ka so, tafiyar ta ragu.

Sai ƙura. Hunturu na zuwa, kada a ajiye shi a ƙasa ko cikin kabad a rufe. Mai ƙibar nan na farko in ka cire murfin akwai ramuka biyu da aka yi don zuƙe ƙura. Naka siririn murfinsa huɗu ne, a hankali ake ɓalle su.

Ɗan Samaru:
Na bi su ɗaya bayan ɗaya yanzun nan. Layin ya ragu sosai, na kashe kiɗan, na cire akwatunan shafin maraba sai na batir da na sauran wuri. Ya fi mini yanzu, Auta ka ci rabin gardamar. Amma ina nan kan bakana a ɗaya rabin: duk abin da ya gyara mini na'urar nan kashe shi na yi, ba kunnawa ba, kuma sai da Injiniya ya nuna mini inda aka ɓoye su. Talabijin ɗin ma ashe ba ya kan Game Mode.

Injiniya, UPS ɗin wane girma zan nema, na'urar da talabijin inci 43?

Injiniya:
Ka duba bayan talabijin ɗin ka turo mini wat ɗin da aka rubuta, in haɗa lissafin. Ko ka biyo shago Asabar bayan La'asar mu gwada da wanda nake da shi kafin ka kashe kuɗinka.

Autan Gyallesu:
Ni ma zan zo. Yaya ka taho da faifan Sekiro ɗin.

Ɗan Samaru:
In sha Allah. An kawo wuta yanzu, bari in koma saman gidan nan in gwada tsallen walƙiyar.